Tambaya kan aika saƙo ɗaya zuwa shafukan sada zumunta da yawa a lokaci guda

Mai Atamfa, Kejetia:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, kuma duk ranar da sabon kaya ya iso sai na ɗora hotunansa a Facebook, in koma Instagram in sake rubuta farashi, sannan in sa a status na WhatsApp, alhali masu saye suna tsaye a bakin shago. An ce mini akwai manhajojin da mutum zai rubuta saƙo sau ɗaya su rarraba masa shi ko'ina. Wacce ce ta dace da ƙaramin ciniki irin nawa, kuma dole ne sai an biya kuɗi?

Malamin Kwamfuta, Aboabo:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Tunda Facebook da Instagram duk mallakar kamfanin Meta ne, ki fara da Meta Business Suite, wadda kyauta ce, kuma za ta ba ki damar rubuta saƙo ɗaya ki tura shi duka biyun, ko ki tsara ranar da sa'ar da zai fita. Sharaɗin shi ne ki buɗe shafin kasuwanci a Facebook, ki kuma mayar da asusunki na Instagram na sana'a, domin tun shekarar 2018 Facebook ya hana manhajojin waje yin rubutu a bangon mutum na kansa. Idan daga baya kika ƙara TikTok ko X, akwai Buffer, wadda aka fara a Ingila a 2010. Tsarinta na kyauta yana ɗaukar asusu uku, da saƙonni goma a layin jira ga kowanne. Hootsuite ta ƙasar Kanada ta girme ta, amma ta daina tsarin kyauta a 2023, kuma kuɗinta da katin banki ake biya duk wata, ba da sidin da ke cikin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ba. Ban ga abin da zai kai ki can ba.

Tela 'Yar Asawase:
Yaya Hajiya, bayanin Malam daidai ne, sai dai bai taɓo wurin da cinikinki yake ba. A Zango mafi yawan matan da ke sayen kaya status suke dubawa, kuma waɗannan manhajoji ba sa ɗora komai a can, saboda WhatsApp bai buɗe musu wannan ƙofa ba. Abin da nake yi shi ne in fara daga status, sannan in danna zaɓin da ke tura shi zuwa labarin Facebook, wato Story. Kuma rarraba hoto ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce amsa wadda ta tambayi nawa ne turmi kafin ta tafi wani shagon. Amfanin da na fi gani a manhajar Meta shi ne ta tara saƙonnin Messenger da na Instagram wuri guda.

Mai Gyaran Waya, Adum:
Hajiya, ki kiyayi duk manhajar da ta ce za ta sa miki status da kanta idan kika haɗa ta da lambarki, domin irinsu ba su da izinin WhatsApp, kuma ana iya rufe lambar da kwastomominki suka san ki da ita. Manhaja ta gaskiya ba ta karɓar kalmar sirrinki, sai dai ta tura ki shafin Facebook ɗin kansa ki ba ta izini, wanda za ki iya janyewa duk lokacin da kika ga dama. Ki kuma riƙa ajiye hotunanki a wayarki, don wata manhaja mai suna Ping.fm ta yi tashe a wannan aiki na rarraba saƙo, aka rufe ta a 2012.

Mai Atamfa, Kejetia:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗana ne zai riƙa taya ni ɗora hotunan. In ba shi kalmar sirrina ke nan?

Malamin Kwamfuta, Aboabo:
A'a Hajiya. A cikin saitin shafin kasuwancin akwai wurin ƙara mutum, inda za ki ba shi ikon ɗora hotuna da amsa saƙonni daga nasa asusun, ikon mallakar shafin kuma ya zauna a hannunki.