Wane Suna Za Mu Ba Igiyar da Ke Auna Danshin Gona Daga Sama?

Wani ɗalibin aikin gona a Samaru ya kawo mini takarda yana so a mayar da ita Hausa domin manoman rani na fadamar Galma. Takardar tana bayanin yadda ake ɗora na'ura a kan ƙaramin jirgi maras matuƙi, ya yi shawagi bisa gona, ya auno ruwan da ƙasa ta riƙe ba tare da an tona ko'ina ba. Sunan jirgin bai ba mu wahala ba, domin gidajen rediyo sun riga sun zaunar da shi. Ruwan da ƙasa ta riƙe kuwa danshi ne. Na bar laima saboda tana rikicewa da ta kare rana.

Inda muka tsaya cak shi ne kalmar maikurowef, sunan da takardar ta ba igiyar da na'urar ke amfani da ita, dangin igiyar rediyo da ido ba ya gani. Duk wanda ya ji ta, akwatin ɗumama abinci ne zai faɗo masa a rai, kuma manomin da aka gaya wa haka yana da hujjar tsoron kada a gasa masa tumatir. Alhali na'urar da takardar ke magana a kai ba ta harba komai, saurare kawai take yi. Ƙasar ce da kanta take fitar da wata raunanniyar igiya saboda ɗuminta, kuma gwargwadon jiƙewarta gwargwadon raguwar abin da take fitarwa. Dalili shi ne, a ma'aunin yadda abu ke amsa ƙarfin lantarki, ruwa yana kusan 80, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta cika wuce 5 ba. Ana sauraren igiyar a kan gigahaz 1.4 (wato kaɗawa sau biliyan 1.4 a daƙiƙa ɗaya), inda tsawon zangonta yake santimita 21, tsawon da ke ba ta damar ratsa ganyen shuka idan bai yi duhu sosai ba.

Ɗalibin ya kawo shawarar a ce gajeren zango. Ban yarda ba, domin wannan suna yana da mai shi: duk wanda ya taso yana murɗa rediyo ya san mita 25 da 31 da 49. Sai dai shawararsa ta nuna mana hanya, tunda kunnen Bahaushe ya saba da dogo da matsakaici da gajeren zango. Abin da ya rage shi ne a ƙara mataki ɗaya, a ce ƙanƙanin zango. Na yi tunanin zangon santimita, amma dangin wannan igiya sun sauka har milimita ɗaya, saboda haka sunan zai yi musu kaɗan.

Ga aikin gano abu daga nesa ba tare da taɓa shi ba, na fifita tsinkaye a kan hange. Hange aikin ido ne zalla, tsinkaye kuwa yana ɗaukar fahimtar abin da bai bayyana sarai ba. Kalmar za ta yi wa taurarin ɗan'adam masu auna danshin ƙasa aiki su ma, irin SMOS da Turai ta harba a 2009 da SMAP na Amurka a 2015, waɗanda awonsu guda ke rufe faɗin kusan kilomita 40, wato ya haɗiye birnin Zariya da Samaru da Shika a lokaci ɗaya. Jirgin da ke tashi ƙasa-ƙasa shi ne ke iya bambanta wannan fage da na maƙwabci.

Abin da na rubuta masa shi ne: tsinkayen danshin ƙasa da igiyar ƙanƙanin zango. Ina roƙon malamanmu na harshe a Jami'ar Ahmadu Bello da malaman gona masu shiga ƙauye su gwada shi a bakin manoma. Na kuma nemi ɗalibin ya ƙara kalmar sama-sama bayan danshi a duk inda ta dace, domin igiyar ba ta ba da labarin abin da ya wuce kimanin santimita 5 na saman ƙasa, saiwar masara kuwa tana shan ruwa can ƙasa da haka.