Wai fasa injin jefa tsaba laifi ne daban da sata?

Mai_Nazari:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Irin injinan nan da ake jefa tsabar kuɗi su sako maka lemo ko alewa, ko na wanki, ko mitar fakin mota ta bakin titi, na ji wai a Amurka akwai doka ta musamman kan fasa su. Toh ni abin da ya ɗaure min kai, ai sata sata ce, meye na ware mata doka?

Lauyan_Gefe:
Wa alaikumus salam. Haka ne malam, amma abin ya danganta da jiha. A Texas sashe na 30.03 ne na kundin laifukansu, ɗauri zai iya kaiwa shekara 1 ko tarar dala 4,000 ko duka biyun. Dalili kuwa, a can ana auna hukuncin sata ne da darajar abin da aka ɗauka, to injin lemo nawa za ka tarar a ciki? 'yan canji ne kawai, amma ƙofar da ka ɓalle da makullin da ka lalata sun fi kuɗin tsada nesa ba kusa ba, ga shi injin na tsaye shi kaɗai ba mai gadi. Shi ya sa dokar ta kama fasawar kanta, ko sisi ba ka samu ba in dai da niyyar ɗauka ka buɗe, ka shiga hannu.

Umman_Yara:
North Carolina ma akwai, karon farko ƙaramin laifi ne, ka sake ya koma babba. Su fa masu maimaitawa suke hari.

Mai_Nazari:
Toh in injin ne ya haɗiye min kuɗi bai ba ni komai ba fa? wlh sai na girgiza shi 😂

Lauyan_Gefe:
Hhh girgiza dai da sauƙi, amma ka fasa gilashi ko ka sa sukundireba ka shiga wani laifin, ɓarnata kayan mutane, a Ingila ma dokarsu ta ɓarnata dukiya ta shekarar 1971 ta kama wannan. Galibi akwai lambar waya a jikin injin, kira su kawai. Kuma masu jefa ƙarfe mai kama da tsaba don yaudarar injin, su dokar tarayyar Amurka ce ma ke jiransu.