Yaya zan rage sanyi a tsohon gida ba tare da na ɓata shi ba?

Jama'a, ina neman shawarar masana gini. Gidanmu yana cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa fuskarsu sai da izini. Bangonsa na dutse ne, da farar ƙasa aka ɗaure shi, ba siminti ba. Lokacin sanyi iska na kutsowa ta gefen tagogin katako har labule ya riƙa motsi, kuɗin ɗumama gidan kuwa ya fi ƙarfinmu.

Na nemi sauya tagogin da masu gilashi biyu, hukuma ta ƙi, kuma ni ma raina bai so a cire su ba. Wani magini ya ce a liƙa soso mai riƙe ɗumi ta cikin bango. Abin da ke tsorata ni, irin wannan bangon danshi na shiga yana fita. In aka toshe shi, ruwa zai taru a baya, katakon da ke tallafe da bene ya ruɓe.

To, ƙara gilashi daga ciki a bar tagar asali yana rage sanyi sosai? Wanda ya taɓa sa allon zaren katako (allo mai riƙe ɗumi da ake liƙawa ta cikin bango) da shafen farar ƙasa, yaya danshi ya kasance bayan wasu shekaru? Ko in fara da rufi tukuna?