Laftof ta mutu da bayanan mutane a ciki: in goge in sayar, ko in fasa faifan?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Mun rufe shagonmu na buga takardu, akwai laftof HP da ko kunnuwa ba ta yi, wani mai gyara yana so ya saya ya ciri kaya. Faifan ajiyarta mai juyawa ne, 500GB, cike da takardun NIN na jama'a, hotunan fasfo da sakamakon jarrabawa. In goge in sayar da shi a ciki, ko in cire in fasa?

Abba Kwamfuta: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki shiga Settings, ki nemo Reset this PC, ki zaɓi Remove everything, sai ki danna Change settings ki mai da Clean data zuwa Yes. In kin tsallake wannan na ƙarshe, kamar ba ki yi komai ba.

Ɗan Gwale: Abba, ka karanta tambayar kuwa? An ce maka ba ta kunnuwa. Settings ɗin wa za ta shiga?

Injiniya: Hajiya, faifan daban, laftof daban. Juya ta ki kwance notocin ƙasa, ki zaro shi, ki sa a kesin SATA mai USB, ɗan akwatin da ake saka irin wannan faifan a ciki, ki jona a wata kwamfutar. Buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin admin, ki rubuta diskpart, sai list disk don ya jero miki faifan da ke jone. Nan ne wurin natsuwa: dubi girman kowanne ki gane naki, ki rubuta select disk da lambarsa, sannan clean all. Clean kaɗai teburin rabon faifan yake cirewa cikin daƙiƙa biyu, bayanan suna nan. Clean all ne ke bi ya rubuta sifili ko'ina. Kamar awa biyu zai ɗauka, ya fi haka in USB ɗin tsohon yayi ne, kuma ba ya nuna inda ya kai, kada ki zaci ya maƙale. Kuskuren lamba ɗaya, faifan mai kwamfutar kika shafe, kuma ba ya dawowa. In wuta ta ɗauke a tsakiya a sake daga farko.

Na Bakin Kasuwa: Me ya kawo wahala? Naira 2,000 ake fomatin, minti biyar an gama.

Mai Gyara: Wannan minti biyar ɗin ita ce masifar. Fomatin na gaggawa jerin sunayen fayiloli kawai yake sharewa, kamar ka yage shafin farko na littafin bashi ka ce ba kowa da ake bi. Wani bawan Allah ya kawo min ƙara, ya sayar da laftof ɗin gidansa bayan an yi masa irin wannan. Wanda ya saya ya sa Recuva, manhajar da ake saukewa kyauta, hotunan iyalinsa ba lulluɓi suka dawo, har da hoton katin banki gaba da baya. Aka fara kiransa ana neman kuɗi. Ya biya sau biyu, ba a daina ba. Ya zo yana tambaya ko zan iya gogewa daga nesa. Me zan ce masa?

Ummu Sadiq: Innalillahi. An kama mutumin?

Mai Gyara: Wa zai kai ƙara ya nuna hotunan matarsa a ofis? Shiru ya yi. Ni tun daga nan guduma nake ba kowa shawara.

Na Bakin Kasuwa: To 2,000 ɗin ma na faɗa da sauƙi, wani wurin 5,000 ne.

Abba Kwamfuta: 5,000 ai kuɗin kesin ne ba gogewa ba.

Ɗan Gwale: Ina ka ga kesin 5,000 yanzu? Ka kai ni in saro.

Injiniya: Guduma ba dole ba ce in faifan lafiyarsa ƙalau. Ƙa'idar goge bayanai ta NIST 800-88, ta hukumar ma'auni ta Amurka, ta yarda rubutu bi ɗaya, irin na clean all, ya isa ga faifai mai juyawa. Zancen da ake yi na maimaita rubutun sau 35, na wani masani Gutmann ne tun 1996, don faifan wancan zamanin. SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa, ita ce ke da nata hukunci, don tana rarraba rubutu a wuraren da Windows ba ya gani, sai umarnin gogewa na Secure Erase da ke cikin BIOS, wato saitin farkon kunna kwamfuta, ko manhajar kamfanin da ya ƙera ta, kamar Samsung Magician.

Mai Gyara: Ranka ya daɗe, ku karatu kuka yi, mu faifai muke taɓawa kullum. Laftof ɗin da ta mutu, wa ya ce faifanta lafiya yake? In ta jona ta ji yana ƙas-ƙas, ko bai fito a list disk ba, ba abin da zai rubutu. Sai a huda shi wuri uku ko huɗu ta kan farantin da ke juyawa a ciki, ba gefen allon lantarki ba. A kula, farantin na laftof sau da yawa gilashi ne, tarwatsewa yake, a naɗe shi a tsumma a kare ido.

Baban Yara: Ku jefa shi rijiya mana, ko a goga masa maganaɗisun lasifika.

Ɗan Gwale: Sai aljanun rijiya su yi rajistar layi da NIN ɗin mutane. Ruwa ba ya goge komai Baba, maganaɗisun lasifika ma bai isa ba. Ƙonawa kuma hayaƙin guba ne.

Ummu Sadiq: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya masu gyaran waya ne. Gilashi za a canza, sai a ce ki bar lambar buɗewa. Me ya haɗa gilashi da hotuna na?

Mai Gyara: Gwada tacin ake yi, a ga ko gilashin yana amsa taɓi, Hajiya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Abba Kwamfuta: A gwada a gabanta mana. Sababbin Samsung suna da Maintenance mode, ki kunna kafin ki miƙa, mai gyara ba ya ganin komai naki.

Maman Ilham: Na gode. Mai sayen ya ce in ba faifai zai rage kuɗi, gobe zai zo. In cire ne?

Ummu Sadiq: Abba, tawa Tecno ce fa, ina zan ga wannan?