Kashi 74.7 na Lively: da gaske yaron nan ya kai yadda ake faɗa?

mai_son_dallas:

Salam jama'a. Don Allah masu bin gasar ƙwallon kwando ta NBA da kyau ku warware min wannan. Ni Dallas nake goyon baya kuma yaron nan Dereck Lively ya shiga raina sosai a kakar da aka gama ta 2023-24, shekararsa ta farko kenan, yana ɗan 19 aka fara kakar amma har fainal ya buga. To jiya muna musu da wani abokina nace masa cikin sababbin santocin wannan kakar, wato dogayen da ke wasa kusa da kwando, babu kamar Lively, hujjata ita ce kashi 74.7 cikin ɗari na jifansa yana shiga kwando, Wembanyama (Wemby) na Spurs da ake ta kururutawa ko kashi 47 bai kai ba, kai ko tsohon gwani Shaquille O'Neal a duk rayuwarsa ta wasa kashi 58 ne. Sai kawai yace min wai na tsinci lamba ɗaya na riƙe na bar sauran. Abin ya tsaya min a rai wlh, domin lambar ba ƙarya bace kowa zai iya dubawa. Meye laifin hujjata? Kuma in ba da alƙaluma ba da me za a auna sabon ɗan wasa?

dogo_na_benci:

Wa alaikassalam ɗan'uwa. Lambar gaskiya ce, amma abokinka ma gaskiya ya faɗa maka, kayi haƙuri zan ɗan ja bayanin.

Fara tambayar kanka daga ina Lively yake jifan nan. Kusan duka daga ƙarƙashin kwando ne, ya tare wa abokin wasansa Luka Doncic mai tsaronsa ya juya da gudu, mutum biyu sun bi Luka, shi kuma ya cilla masa ƙwallo sama ya cafe ya danna ta ciki. To wannan ai da wuya ya ɓarar. Wembanyama kuwa shi ake miƙa wa ƙwallo in lokaci ya kusa ƙarewa ace san yadda zakayi, yana jifa daga nesa, yana jifan maki uku kusan sau biyar ko fiye a wasa, ƴan adawa duk shi suka sa wa ido. Shi ya sa ya tashi da maki 21.4 a wasa, Lively kuma 8.8. Aikin da aka ɗora musu ba iri ɗaya bane sam.

Ga abin da zai nuna maka abin a fili a cikin ƙungiyarku. A watan Fabrairun 2024 Dallas ta ɗauko Daniel Gafford daga Washington, bai daɗe da zuwa ba ya jefa ƙwallo 33 a jere ba tare da ya ɓarar da ko ɗaya ba, saura biyu ya kamo tarihin Wilt Chamberlain na 35. Shin Gafford ya koma Wilt ne dare ɗaya? A'a, wuri ya samu inda Luka da Kyrie Irving suke janye masu tsaro, shi nasa kawai ya yi tsalle ya ƙarasa. Santa biyu daban a ƙungiya ɗaya duk sun haura kashi 70, kaga lambar nan rabinta labarin mai basu ƙwallon take bayarwa.

Sannan akwai yawan jifan. NBA ba ta sa mutum a jerin gwanayen wannan fannin sai ya jefa aƙalla ƙwallo 300 cikin kwando a kaka, Lively bai kai ba saboda wasa 55 kawai ya buga, raunuka sun ɗan dame shi. Shi ya sa duk da 74.7 ɗin ta fi ta kowa zaka ga Gafford aka rubuta a matsayin na ɗaya da 72.5. Kuma in dai lamba ɗaya za a ɗauka to abokinka ma zai iya ɗauko tasa, yace maka a jifan kyauta bayan an yi masa keta rabi kawai Lively yake ci, kashi 50 da ɗan ɗoriya, daga nan yace yaron bai iya jifa ba kwata-kwata. Zaka yarda? Ba zaka yarda ba, domin kasan ya ɓoye sauran labarin ne.

spurs_har_abada:

Malam ai maganar ma ba ta taso ba. Wemby ribawun (cafe ƙwallon da aka ɓarar) 10.6, bulok (tare jifa a sama) 3.6 a wasa wanda ya fi na kowa a NBA gaba ɗaya ba cikin sababbi kawai ba, kuma duk masu zaɓe shi suka ba gwarzon sabon shiga babu wanda ya ware. Ka je ka kalli wasansu da Toronto na Fabrairu, maki 27 ribawun 14 bulok 10. Lively yaro ne mai kyau amma a bar haɗa su.

mai_son_dallas:

To amma oga Spurs wasa 22 kacal suka ci cikin 82, mu kuma fainal muka je. In yana da kyau haka me ya hana ya ɗaga su?

dogo_na_benci:

Kaga ka sake tsinto wata lambar. Ka ba Spurs Luka da Kyrie ka gani mana. Yawan wasan da ƙungiya ta ci na mutum goma sha ne ba na yaro ɗaya ba, haka Chet Holmgren ya samu Oklahoma mai tauraro Shai Gilgeous-Alexander suka ci 57, hakan bai sa aka ce ya fi Wemby ba.

hajiya_kwando:

Ni ina so in ɗan kare mai tambaya, don naga kamar za a danne shi. Hujjarsa ce mai rauni amma idonsa bai yaudare shi ba, yaron yana da abin da ake nema. Sai dai ƙanena abin da ya sa yake da kyau ba ya cikin lambar da ka kawo.

Ni abin da nake kallo a santa sabon shiga shi ne ƙafafunsa in an ja shi waje. Yawancin dogayen nan in ɗan gajere mai sauri ya fuskance su a wajen layin maki uku shikenan an wuce su kamar an wuce turke, dole koci ya cire su in wasa yayi zafi. Lively da tsawonsa sama da mita 2 da santimita 10 yana iya ja da baya yana bin mutum, kuma in Luka ya ba shi ƙwallo a tsakiya ba ya rikicewa, yana ɗaga kai ya hango wanda yake tsaye a kusurwa shi kaɗai ya miƙa masa. Wannan ba kowane ɗan shekara 20 yake da shi ba.

Ku tuna zagaye na biyu da Oklahoma, a wasa na uku da gangan suka dinga yi masa keta don ya je layin jifan kyauta tunda sun san rauninsa kenan. Ina kallo yaron yana gudu yana kauce wa Chet don kar a riƙe shi, da aka kama shi kuma ya tsaya ya numfasa ya jefa, ya ci waɗanda ake buƙata, Dallas ta ci wasan. Kocin Dallas Jason Kidd ya ci gaba da sa shi a wasan. Wannan amanar da koci ya ba shi a irin wannan lokacin ta fi min kashi 74.7 nauyi. Haka da Minnesota, ya ji ciwo a wuya a wasa na uku bai buga na huɗu ba, kuma wannan wasan kaɗai Dallas ta rasa a zagayen. Ban ce rashinsa ne kaɗai dalili ba, wasa ɗaya ne, in na kafe a kansa nima na faɗa ramin da ake ja maka kunne a kai. Amma duk wanda ya kalla ya ga gurbinsa.

tsohon_mai_kallo:

Na daɗe ina bin wasan nan tun zamanin Olajuwon, bari in baku misalan da suka sa na daina yanke hukunci a shekarar farko, musamman a kan santoci don su sun fi kowa jinkirin nuna.

A diraf ɗin 2015, wato zaɓen sababbin ƴan wasa, Philadelphia ta ɗauki Jahlil Okafor a lamba 3, ya tashi da maki 17.5 a wasa a kakarsa ta farko. A wannan kakar dai Nikola Jokic ya fara wasa a Denver, wanda aka ɗauka a lamba 41 a 2014, maki 10 da ribawun 7 yake yi. Duk wanda ya duba maki kawai Okafor zai ɗauka ido rufe. Amma Okafor ba ya iya tsaro, ƙafarsa nauyi, ƙungiyarsu wasa 10 ta ci a shekarar dole wani ya jefa ƙwallon, makin ya taru masa. Ƴan shekaru kaɗan ya koma yawon benci daga wannan ƙungiya zuwa waccan, Jokic kuwa MVP (gwarzon kaka) uku da kofin 2023. Rudy Gobert ma a shekararsa ta farko a Utah ko maki 3 ba ya kaiwa a wasa, yau sau huɗu ana ba shi gwarzon mai tsaro.

Ko bulok ɗin da ɗan'uwa na Spurs yake tinƙaho da shi a yi hattara, ba don Wemby ba, shi nasa na gaske ne don mutane har fasa shiga ƙarƙashin kwando suke in sun hango shi, kuma wannan fasawar babu inda ake rubuta ta. Amma Hassan Whiteside ya fi kowa bulok a 2015-16 da 3.7, Miami ta ba shi kwantiragin dala miliyan 98, sai daga baya ake ta ƙorafin yana barin mutuminsa ya tafi farautar bulok, in ya yi tsalle bai samu ba bayansa a buɗe. Lambar tana hawa tsaron ƙungiya kuma ba lallai ya gyaru ba.

Wani abin da nake roƙonku ku guje masa shi ne lissafin nan na "da zai buga minti 36 da zai yi kaza". Lively minti 23 da ɗoriya yake bugawa. Mai buga minti 23 yana shigowa da ƙarfinsa, wani lokacin da ƴan bencin abokan hamayya yake karawa, in ka ƙara masa minti goma gajiya ta shigo keta ta ƙaru, ba haka kawai ake ninkawa ba. Sai maganar lafiya, Greg Oden da aka ɗauka gaban Durant a 2007 in yana fili kowa yasan yana da kyau, amma wasa 105 kacal ya buga a rayuwarsa ta NBA. Don haka ni wasa 55 ɗin nan na Lively ya fi ɗaukar hankalina a kan komai.

mai_son_dallas:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya. Gaskiya batun Gafford ne ya fi kama ni, ban taɓa haɗa su a kaina ba alhali ina kallonsu kullum. Na janye maganar ya fi Wemby, zan faɗa wa abokin nawa da bakina. Amma har yanzu ina nan a kan cewa a lamba 12 aka ɗauke shi kuma mun tsinci dami a kala. Kaka mai zuwa in Allah ya kai mu zan sa ido a kan mintocin da yake fili Luka yana benci, in ga me yake iya yi in babu mai cilla masa, da kuma jifan kyautan nan ko zai matsa daga rabi.

hajiya_kwando:

Ka ƙara da wasa nawa zai buga. In ya haura 70 ka dawo nan mu sake zama.