In kai yaran raino gidan zu ko mu haƙura mu zauna a gida?

Mai Raino Hotoro: Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina riƙe yara a gida, su 7 ne yanzu, ƙaraminsu shekara 2 da ƴan watanni, babbar ta kusa 5, iyayen duk ma'aikata ne, su ajiye bakwai da rabi su ɗauka bayan la'asar. To wata da watanni kullum tsakar gida ɗaya tabarma ɗaya, yaran sun gaji ni ma wallahi na gaji, sai na ce bari ranar Alhamis mai zuwa in ɗan fitar da su su sha iska. Iyaye biyar sun yarda sun ba da dubu bibbiyu, biyu kuma sun yi gum, kenan dubu 10 ce a hannuna. Ba ni da mota, mu biyu ne manya, ni da ƙanwar maigidana, ga ɗaya daga cikin yaran yana da asma kuma hunturu ya fara busawa. Gidan zu na Audu Bako da ke nan Kano nake tunani. Wacce ta taɓa kai yara ƙanana irin haka ta faɗa min yadda ta ƙare, in kuma babu fa'ida ku ba ni abin da zan yi musu a gida.

Maman Ƴan Biyu: Wa alaikumus salam. Ki kai su Yankari kawai, mu bara muka je, ruwan Wikki ɗin nan mai ɗumi yara ba sa son fitowa.

Ɗan Sahu Mai Ritaya: Hajiya ta ce dubu goma gare ta, ke kin aika ta Bauchi. Da kuɗin sai dai su tsaya a Wudil su sha fura su juyo.

Maman Ƴan Biyu: Au ban ga wajen kuɗin ba, a yi haƙuri. To Dutsen Dala fa?

Anti Gwammaja: Dala da ɗan shekara biyu? Ke za ki goya su ki hau matakalar nan? Ni Gidan Makama na taɓa kai nawa, su shida, ga shi dab da gidan sarki, akwai inuwa ɗakunan da sanyi, amma gaskiya kayan tarihi ne, yaro ɗan shekara uku ba ruwansa da labarin Rumfa, abin da ya burge su a ranar wani doki ne da suka gani a bakin Ƙofar Kudu, har sati suna zancensa. Marinar Ƙofar Mata kuwa kar ki soma, ramukan suna da zurfi kuma a buɗe suke. Gidan zu ya fi, su ga zaki da kura da jimina da birrai, amma ki je da wuri, tara ki shiga sha ɗaya ki fito kafin yunwa da barci su kama su. A daidaita sahu biyu za ki yi shata, ni dubu uku-uku na biya zuwa da dawowa.

Uwar Marayu: Dubu uku a wace shekarar Anti? Watan da ya wuce daga Tarauni kawai sai da na ba da dubu biyar sahu ɗaya don na ce ya jira mu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu mai yi miki wannan farashin.

Anti Gwammaja: Ɗan maƙwabcinmu ne, ƙila shi ya sa.

Ɗan Sahu Mai Ritaya: Jiran ne ke da tsada ba tafiyar ba. Awa biyu a tsaye ai lodi nawa ya wuce shi. Ku ce ya sauke ku ya tafi, in kun gama ku kira shi. Sannan ki riƙe jakarki da kyau Hajiya, kin san a 2019 aka ce goggon biri ya haɗiye miliyoyin naira a gidan zu ɗin, ke da dubu gomarki ko loma ɗaya ba za ta kai masa ba.

Tsohuwar Mai Raino: Ƙanwata, ni ba zan ce miki je ko kar ki je ba, abin da ya same ni kawai zan faɗa. Shekara shida ina wannan sana'ar, yara tara ne a hannuna a lokacin, na ɗauke su da sallah ƙarama kwana uku da idi zuwa wani wajen wasan yara, ba zan kira sunansa ba. Mu uku ne manya fa, ba biyu ba. Ina canza wa wata famfas a gefe, ɗaya tana sayo ruwa, ɗayar kuma wai tana kallonsu ashe waya take, na ɗago na ƙirga takwas. Na sake ƙirgawa takwas. Wallahi ƙafata ce ta fara rawa kafin bakina ya iya kiran sunansa, na zagaye wajen nan ba takalmi mayafina ya faɗi ban sani ba, masu gadi suna ce min wai in kwantar da hankali, ta yaya? Sai da aka yi wajen minti arba'in aka same shi a bayan rumfar mai sayar da balan-balan, yana zaune abinsa yana shan alawar da wata mata ta ba shi, ko kuka bai yi ba. Ni da na zaci an gama, ashe yanzu aka fara, don na yi gaskiya na faɗa wa uwar da yamma, matar da nake goya mata ɗa tun yana wata takwas ta tsaya a ƙofar gidana tana cewa so na yi in sayar da shi, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Mijinta ya kai ni wajen mai unguwa. Kafin wata ya ƙare iyaye huɗu sun janye yaransu, kun san yadda maganar ɓatan yaro take a garin nan, babu mai tsayawa ya ji ƙarshen zance. Har yau in na ga mai balan-balan gabana faɗuwa yake.

Uwar Marayu: Innalillahi. Allah sarki Yaya, Allah ya saka miki.

Maman Ƴan Biyu: Ni dai da ban faɗa wa uwar ba tunda an gan shi lafiya.

Tsohuwar Mai Raino: Yaron yana magana fa. Da daddare zai ce Mama na ɓata wata ta ba ni alawa, sannan in ce me?

Malama Mai NCE: Ina jajanta miki, amma gaskiya akwai kuskure tun farko, ba a fita da yara ƙanana ranar cunkoso irin na sallah. Mai tambaya, ki yi lissafi da hannu, ku biyu hannu huɗu gare ku yara bakwai, ukun wa zai riƙe? Ki nemi uwa ɗaya ko biyu su raka ku. Kowane uba ko uwa su rubuto miki amincewa ko da a WhatsApp ne ki ajiye, waɗanda suka yi shiru ɗin nan ba su yarda ba, kar ki fita da nasu. Ki sa musu riga kala ɗaya mai haske, ki rubuta lambarki a salatif ki manna a bayan riga, ki ƙirga su a duk ƙofar da za ku shiga ko ku fita. Mai asma kuma inhelarsa a jakarki ba a tasa ba, in aka tashi da hazo ranar ki fasa. Haka aka koya mana a kwas ɗin ilimin yara ƙanana.

Hajiya Kaka: Malama, yara tara na haifa na raini jikoki sha huɗu ban taɓa manna wa kowa salatif ba. Ku yaran yanzu komai sai takarda. Yarinya, zauna gidanki. Ki shimfiɗa musu tabarma ki ce ga ta nan ga ta nanku, ki kawo Gizo da Ƙoƙi, matan ki koya musu gaɗa, ki samo kara ki yi musu mota da ƴar tsana. In fita kike so ki zaga da su gidan mai kiwo a layinku su ga tumaki da zabi da tantabaru, su ba akuya dusa, wannan ya ishi ɗan shekara uku. Zaki a keji barci kawai yake.

Malama Mai NCE: Mama ba raina ku na yi ba, amma naku jikoki ne, ita ƴaƴan mutane ne da ake biyanta, in abu ya faru ba ɗaya ba ne.

Hajiya Kaka: Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ɗan Sahu Mai Ritaya: Hajiya rimin ma yanzu sai da satifiket ake hawa.

Ƴar Maraɗi a Yamai: Sannunku. Mu nan gidan tarihi na Boubou Hama muke kai su, akwai namun daji a ciki har da ƙasusuwan dinoso, jaka biyu na kashe a taksi. Amma a gida abin da ya fi riƙe mani su shi ne ƙullin fulawa, fulawa kofi biyu gishiri kofi ɗaya ruwa da ɗan mai, ki murza ya yi kamar na cincin, su yi ta gina tukunya da maciji, gishirin ke hana su ci. Sai shukar wake a gwangwanin tumatir, kowa da nasa, cikin kwana huɗu biyar ya tsiro kullum da safe sai sun duba.

Uwar Marayu: Jaka biyu? Naira ɗari huɗu kenan a taksi, ai ku kuna hutawa.

Ƴar Maraɗi a Yamai: A'a jakar sefa, dubu ɗaya ce jaka a wajenmu.

Anti Gwammaja: Waken nan a kula, nawa ɗaya ya taɓa cusa shi a hanci sai da muka je asibiti. Ke ki saka a ƙasar da hannunki su su zuba ruwa. Amma ni tsakani da Allah abin da ya tsaya min a maganar nan iyaye biyun da suka yi shiru. Irinsu ne ranar tafiya za su ajiye yaro a ƙofa su ce Anti a tafi da shi zan yi miki transfa, har yau kina jiran alat.

Uwar Marayu: Kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ina da wata, wata uku ba ta biya ba, kullum sai an kira magariba take zuwa ɗaukar yarinya, ba famfas ba abinci sai biskit ɗin hamsin, in na yi magana ta ce ai yarinyar ba ta da ci. Tuwon gidana take ci fa. Amma jiya na ga ta sa sabon leshi a sitatus.

Tsohuwar Mai Raino: Wacce ta yi min terere a ƙofar gida ma da kuɗin wata biyu ta tafi.

Malama Mai NCE: Shi ya sa na ce a rubuta komai, a karɓi kuɗi farkon wata, wanda ya wuce ƙarfe biyar a ɗora masa tara.

Hajiya Kaka: Tara a kan maƙwabciya? Gobe ita za ta zo miki barka.

Mai Raino Hotoro: Na gode ƙwarai duka, Yaya labarinki ya hana ni barci jiya. Ɗaya daga cikin masu shirun ta kira yanzu wai mijinta ya ce a'a, amma kuma ba ta da inda za ta bar yaron ranar Alhamis, kenan ko in bar ƙanwar maigidan a gida da shi in tafi ni kaɗai da shida, ko in mayar wa mutum biyar kuɗinsu alhali na riga na sayi zobo da cincin na dubu uku a ciki. Har yanzu kuma ba wacce ta faɗa min ko ƴan ƙasa da shekara uku suna biyan kuɗin shiga.

Maman Ƴan Biyu: Ƴar Maraɗi don Allah fulawar da ruwan zafi ake kwaɓawa ko na sanyi?