Gilashin da ake zura waya a ciki: wanne zan saya wa ɗalibai?

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Mai makarantar da nake koyarwa a nan cikin Katsina ya ware naira 60,000 a sayo gilashin nan da ake zura waya a ciki, wanda yaro zai ga zuciyar mutum ko duniyoyi kamar a kan teburinsa suke, alhali yana ganin ajin. Ɗalibai 34 ne, 'yan shekara 9 zuwa 12. Wayar da za a yi aiki da ita Android ce, inci 6.6, sikirin 720, RAM 4. An nuna mani iri biyu: akwatin roba mai murfi a gaba, da wani na kwali mai madubi wanda sai an yi oda. Wanne ya dace, kuma guda nawa? Ranar Litinin zan kai amsa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Malam, ka ƙara kuɗi ka sayi Quest, gilashin nan na kamfanin Meta mai sikirin a jikinsa, ka huta, shi ba ruwanshi da waya.

Injiniya: Bawan Allah ya ce dubu 60, kai kana kiran abin da kuɗin nan ba su kai rabinsa ba. Malam, kafin maganar gilashi, duba wayar. Gilashin roba ne da ƙwayar lens biyu, babu wayar lantarki ko batir a jikinsa, duk aikin wayar ke yi. Gwaji biyu ne. Buɗe bidiyon 360 a YouTube ka juya wayar dama da hagu ba tare da ka taɓa sikirin ba. In hoton ya bi ka, akwai jairoskop, wato na'urar da ke gane juyi. In ya tsaya cak, an gama magana. Na biyu, shiga Play Store ka nemi Google Play Services for AR. In ya ce bai dace da wayarka ba, yawancin manhajojin da ke dasa hoto a kan tebur ba za su buɗe ba. Android 7 zuwa sama yake so, amma ko wayar sabuwa ce fil sai Google ya sa ta cikin jerinsa, kuma ƙananan wayoyin da suka cika kasuwarmu da yawa ba sa ciki.

Sannan iri biyun da aka nuna maka ba abu ɗaya ba ne. Akwatin roba don VR aka yi shi, wato kallon da za ka ji kamar kana cikin hoton, rufe ido yake gaba ɗaya. In ka zare murfin gaban, kyamara ce ke nuno maka ɗakin, kuma kyamara ɗaya ce ke ciyar da ido biyu, don haka ba ka gane nisa, hoton kuma yana ɗan makara bayan ka juya kai. Nan jiri da tashin zuciya ke fitowa. Mai madubin shi ne abin da kake nufi: hasken sikirin ya bugi madubi, ya ratsa lens, ya sauka kan gilashi mai shara-shara, kana ganin aji da idonka. Matsalarsa haske. A ajin da rana ke shigowa ta taga, hoton dusashewa yake sai ka ce zanen alli a farin bango.

Mai Gyaran Waya: Ni dai shawarata kada a saya ko ɗaya. Ga abin da ya sami wani bawan Allah. Akwati 10 ya sayo don sallah, ya kafa rumfa kusa da inda ake kallon hawa, yara su biya su leƙa. Wayoyi shida ya aro. Kafin la'asar biyu sun ƙone: an ajiye akwatin lens na kallon sama, rana ta ratsa, ta tattaru wuri ɗaya kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi, ta bar tabo a sikirin. Wannan tabon ba ya gyaruwa, sai canjin sikirin ɗungurungum. Ta ukun batir ne ya kumbura har ya ɗaga bayanta, don an haɗa ta da fawa banki tana aiki a rufe. Kyamara a kunne, haske a ƙure, ga caji, ga zafin garin nan da ke kaiwa 40 a watan Afrilu, ina iska za ta shiga? Batirin waya ba ya son caji in zafinsa ya wuce 45. Ta huɗun maƙallin akwatin ne ya danne maɓallin kashewa, tana ta kashe kanta, shi yana zaton lalacewa ta yi. Ribar sallar duka a biyan masu waya ta tafi, har da ciko.

Hajiya Mai Shago: Innalillahi. To su masu wayar sun yarda da sikirin kwafi ko orijina suka ce?

Mai Gyaran Waya: Orijina mana, Hajiya. Ɗaya ma AMOLED ce, kuɗin sikirinta ya fi na akwatunan goma. Kuma ban faɗi ta soson fuska ba. Gumin yaro 50 a soso ɗaya, in ɗaya na da ciwon ido kowa ya ɗauka.

Ɗan Daura: Akwatin roba 7,500 ne da rimot ɗinsa.

Hajiya Mai Shago: A ina? 12,000 ne, kuma rimot daban.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Farm Centre a Kano sari 5,000, in za ka ɗauki dozin.

Hajiya Mai Shago: Sai ka ɗora kuɗin mota da na wanda ya fashe a hanya. Na 5,000 ɗin lens ɗinsa ba ya motsi. A nemi wanda ake matsar da lens gefe da gefe, da gaba da baya. Tazarar idon babba wajen milimita 63 ce, ta yaro ba ta kai haka ba, in lens bai matso ba hoto biyu zai riƙa gani. Rimot ɗin kuwa ado ne, rabin manhajoji ba su san da shi ba.

Injiniya: Hajiya ta yi gaskiya kan lens. Ƙari: sikirin 720 rabawa ake biyu, kowane ido ya sami ɗigo 800 a 720, sannan lens ya kumbura su. Rubutu ba zai karantu ba, kamar kallo ta gidan sauro. Daga 1080 ake fara samun daɗinsa. Kuma akwatunan nan an ƙera su ne lokacin da yawancin wayoyi ba su wuce inci 6 ba, taka mai 6.6 ko ta shiga, bakin hoton zai yanke. A sani kuma masu abin sun daɗe da sakin hannu. Google ya fito da akwatinsa na kwali mai suna Cardboard a 2014, ya daina ɗaya gilashin nasa mai suna Daydream a 2019, ya daina sayar da Cardboard a 2021. Masu madubin irin su Aryzon da Mira Prism da na Lenovo duk 'yan 2017 ne, kuma kowane da manhajarsa yake tafiya. Kafin a biya oda, a tabbatar manhajar tana nan kuma tana buɗewa a wayar.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Injiniya, wannan duk karatun intanet ne. A saurari wanda waya ke mutuwa a hannunshi kullum.

Injiniya: Mai gyara marar lafiya kaɗai yake gani. Wayar da ta yi aiki lafiya ba ta zuwa teburinshi. Rumfar sallah a rana daban, aji mai inuwa daban. Minti 5 kowane yaro yana zaune, a cire rigar wayar, ba caji, a kife lens ƙasa in an ajiye, a goge soso da sifirit, shi ke nan.

Mai Gyaran Waya: Minti 5 sau 34 nawa ke nan, ranka ya daɗe? Minti 170. Darasin minti 40 ne, wayar kuma ɗaya ce. Ko akwati 10 aka saya, tara kallon bango za su yi.

Baba Ɗan Fansho: Yaro, je ka mahauta da sassafe ka ce a ba ka zuciyar rago. Ɗakuna huɗu ne da ita kamar ta mutum, ba ta son caji, in an tashi darasi kuma a soya.

Ɗan Daura: Baba, duniyoyin fa? Su ma mahauta?

Baba Ɗan Fansho: Lemo da goruba.

Wata Malama: Ban da raha, Malam, aikin nan ba sai da gilashi ba. Akwai Merge Cube, ɗan kube mai zane a jiki, ana iya buga shi a takarda a naɗe. Yara biyar su kewaye waya ɗaya a hannu, suna juya kuben suna ganin abu a kansa. Wasu darussan sai an biya kuɗin rajista. A ganina kuɗin nan waya ta hannu mai jairoskop da sikirin 1080 ya kamata su nufa, in sun kai.

Mai Gyaran Waya: Ta hannu? Nan ma a yi hattara. Ana cire sikirin AMOLED a maƙala kwafi, a ce maka Landan ce ba a taɓa buɗe ta ba. Buɗe baƙin hoto a ɗaki mai duhu. Orijina baƙi ƙirin take, kwafi toka-toka take haskawa. Duba gefen ko gam ya leƙo.

Hajiya Mai Shago: To su wa ke maƙalawar in ba ku masu gyara ba? A kawo maku canjin wurin caji, waya ta dawo da batirin da ba nata ba.

Mai Gyaran Waya: Haba Hajiya, kar a yi mana kuɗin goro. Mai kawo kaya daga Legas shi ke cewa a sa mai arha.

Ɗan Daura: Ku bar batir. Garantin kwana uku da ake rubutawa a rasit fa, wa ya taɓa karɓar canji da shi?

Malamin Kimiyya: Na gode ƙwarai. Na gwada, bidiyon 360 yana bin wayar, amma Play Store ya ce bai dace ba. Ke nan mai madubin zai yi ko ba zai yi ba?

Hajiya Mai Shago: Ɗan Daura, ana canzawa mana, in ba a jiƙa wayar ba. Ku ne ke jefa waya a randa ku dawo kuna rantsuwa.